Gano Musabbabin Raguwar Matsin Lantarki a Batirin Motoci Masu Tsarin Caji na Kwamfuta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake gano musabbabin raguwar matsin lantarki a batirin motocin da kwamfutar inji ke sarrafa cajinsu. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a gareji ita ce, in inji na aiki kuma mita ta nuna ƙasa da bolt 13.8, to altaneta ta gaza. Maƙalar ta nuna cewa wannan ƙa'ida ba ta dace da motocin zamani da dama ba, domin kwamfutarsu kan sauke caji da gangan zuwa bolt 12 da 'yan kai. Bayan kwatanta tsarin Honda da General Motors da Ford da BMW, an kafa hujjar cewa abin da ya kamata a auna shi ne tazarar da ke tsakanin matsin da kwamfuta ta nema da wanda ya iso kan batir.

1.0 Gabatarwa

Batirin dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, bai sauya sosai a tushensa ba. Na mota gida shida gare shi, kowane gida na ba da kimanin bolt 2.1, jimilla 12.6 idan ya cika ya huta. Abin da ya sauya shi ne na'urar da ke ciyar da shi. Tun daga 1960, lokacin da kamfanin Chrysler ya sa altaneta a motarsa Valiant a matsayin kayan da take fitowa da su, har zuwa ƙarshen ƙarnin, aikin caji na hannun regileta ne, wata 'yar na'ura da ke riƙe matsi a kusan wuri guda. A yau kuwa, a motoci da yawa, kwamfutar inji ce ke yanke shawarar yaushe za a yi caji da kuma nawa.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Motocin gwanjo da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga Amurka da Turai su ne akasarin abin da ke kan titunan Kano da Kaduna da Maraɗi, kuma waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau sun yawaita. Da yawansu na ɗauke da irin wannan tsari, amma mai wayarin da ke duba su ya koyi sana'a ne a kan tsohon tsari. Manufar maƙalar ita ce ta bambance raguwar matsi ta ganganci da raguwar matsi ta lalacewa, ta kuma tsara yadda gwaji zai bi har a kai ga hukunci.

A cikin maƙalar, "matsin lantarki" shi ne abin da ake aunawa da bolt, "kwararar lantarki" abin da ake aunawa da amfiya, "turjiya" kuwa abin da ake aunawa da om.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ra'ayi na farko shi ne na tsofaffin littattafan koyar da kanikanci, wanda za a iya kira ra'ayin iyaka tsayayya. Bisa ga shi, lafiyayyen caji yana tsakanin bolt 13.8 da 14.4, abin da ya gaza haka rashin caji ne, abin da ya ɗara kuma caji ne mai dafa batir. Ra'ayin daidai yake a kan motocin da aka gina shi a kansu, kuma har yanzu yana aiki a kan tsofaffin motocin haya. Rauninsa ɗaya ne: ya ɗauka cewa altaneta na neman matsi iri ɗaya a kowane lokaci.

Na biyu ba ya cikin littafi, a gareji yake. Ana tayar da mota, a cire kan batir, in inji bai mutu ba a ce altaneta lafiyarta ƙalau. Wannan gwaji gado ne daga zamanin dainamo, lokacin da babu kwamfuta ko ɗaya a mota. Batir ne ke shanye tsalle-tsallen matsi a layin wuta, kuma cire shi yayin da altaneta ke tura kwarara mai yawa kan sa matsi ya yi sama cikin ƙiftawar ido. Ƙa'idar ISO 16750-2, wadda ake gwada kayan lantarkin mota da ita, ta tanadi cewa irin wannan tsalle zai iya kaiwa kimanin bolt 100 a tsarin bolt 12 idan altaneta ba ta da kariya. Ko da an tsira daga ƙona kwamfuta, gwajin bai nuna komai ba illa cewa altaneta na iya riƙe 'yan amfiyoyin da inji ke buƙata.

Ra'ayi na uku sabo ne, kuma tsarin caji na kwamfuta ne ya haife shi. Masu shi sun lura cewa in aka zare fulogin sensar da ke kan batir, mita kan koma ta tsaya kusa da bolt 14, sai suka ɗauki hakan a matsayin gyara. Za a nuna a sashe na 4.4 cewa abin da suke gani yanayin ko-ta-kwana ne da mota ke shiga idan ta rasa bayani.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance. An ɗauki tsarin caji na kamfanoni huɗu kamar yadda suke aiki, aka auna ra'ayoyin da ke sama a kan kowannensu. An kuma dogara da ƙa'idojin lantarki da na sinadaran batir waɗanda ba a jayayya a kansu, aka yi lissafi da su inda ya dace. Alƙaluman lissafin misalai ne na fayyace hujja. Nazarin ya taƙaita ga motocin fetur da dizal masu tsarin bolt 12. Bai haɗa da motocin haibirid ba, domin yawancinsu ba su da altaneta, na'urar sauya matsi ce ke cajin ƙaramin batirinsu.

4.0 Nazari

4.1 Dalilin da ya sa kwamfuta ke rage caji

Altaneta nauyi ce a kan inji. Idan tana ba da amfiya 70 a bolt 14, wato kusan kilowat ɗaya ke nan, to tana jan kusan ninki biyu na haka daga inji ta hanyar fambel, saboda abin da altanetar mota ke iya mayarwa lantarki bai cika wuce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ba. Wannan ƙarfi daga man fetur yake fitowa. Da hukumomi suka matsa wa masu ƙera motoci lamba a kan shan mai da hayaƙi, musamman dokar Tarayyar Turai mai lamba 443/2009 wadda ta ɗora iyakar giram 130 na iskar kabon a kowace kilomita a kan matsakaicin sababbin motoci, sai kamfanoni suka ga babu dalilin ci gaba da tura caji cikin batirin da ya riga ya ƙoshi.

Dabarar ita ce a sassauta wa altaneta lokacin da direba ya taka totur ko yake tafiya a miƙe, a ɗora mata nauyi lokacin da ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, inda gudun motar ne ke juya ta ba mai ba. BMW ya yaɗa wannan salo a motocinsa daga 2007 ƙarƙashin shirin EfficientDynamics. Domin a samu wurin zuba wannan caji na kyauta, ana barin batir a kusan kashi 80 cikin ɗari, ba a cika shi. Ke nan batirin da bai cika ba, a irin waɗannan motoci, yana iya zama daidai yadda masu ƙira suka so.

4.2 Tsare-tsare huɗu

Honda na da hawa biyu. Wata na'ura mai suna ELD da ke cikin akwatin fis na ƙarƙashin bonet tana auna yawan wutar da mota ke ja. In nauyin kaɗan ne, kwamfuta kan sa altaneta a ƙaramin hawa, tsakanin bolt 12.4 da 12.9, in an kunna manyan fitilu ko fanka, sai ta koma babban hawa, 14.4 zuwa 14.9. Motocin Accord da Civic sun cika garejojin Arewa, don haka wannan tsari ne mai wayarin ya fi yawan cin karo da shi.

General Motors, a tsarinsa na RVC, ya fi fayyace al'amarin. Kwamfuta na aika wa altaneta sigina mai kunnawa da kashewa sau 128 a daƙiƙa, kuma kason lokacin da siginar ke kunne shi ne umarnin. Kashi 10 cikin ɗari na nufin bolt 11, kashi 90 na nufin 15.5, sauran na tsakani. A nan ne hujjar maƙalar ta fi fitowa fili. A ɗauki motoci biyu, kowace mita ta nuna bolt 12.7 a kan batirinta, inji na aiki. A ta farko, na'urar gwaji ta nuna umarnin kashi 40, wanda ya yi daidai da kimanin bolt 12.7, wannan altaneta ta cika aikinta. A ta biyu umarnin kashi 70 ne, wato kimanin bolt 14.4, a nan akwai giɓin bolt 1.7 da ke buƙatar bayani. Mita ɗaya, lamba ɗaya, amma mota guda ce kawai ke da matsala. Altaneta a wannan tsari 'yar aike ce, ba a hukunta ta sai an ji saƙon da aka ba ta.

Ford ya fara tsarinsa na Smart Charge a ƙarshen shekarun 1990, tare da batir mai sinadarin kalsiyam wanda ke jure matsi mai ɗan yawa, sa'annan daga baya ya ƙara sensa a kan batir. BMW kuwa sensarsa ta IBS tana manne da kan batir na nagetif, tana auna kwarara da matsi da zafi, tana aika wa kwamfuta. A motocin Turai da yawa zancen da ke tsakanin kwamfuta da altaneta ta waya ɗaya tilo yake bi, ta hanyar sadarwar LIN.

4.3 Jerin gwaji

Da batir ake farawa, inji a kashe, domin kwamfuta na gina umarninta ne a kan abin da ta fahimta game da batir. Batirin da aka sauko daga tafiya yana ɗauke da cajin sama-sama da ke ruɗin mita, don haka sai an bar shi ya huta wasu sa'o'i. A batir mai ruwa, bolt 12.6 na nufin ya cika, 12.4 kusan kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 kashi ɗaya cikin huɗu. Batirin AGM kan nuna sama da haka kaɗan, kusan 12.8 idan ya cika. Waɗannan lambobi yawan caji kawai suke nunawa. Lafiyar batir sai a ƙarƙashin nauyi ake ganinta: a ɗora masa rabin adadin CCA da ke rubuce a jikinsa na daƙiƙa 15, kada ya sauka ƙasa da bolt 9.6. Batirin da aka samu a ƙasa da 12.4 a fara caja shi kafin wannan gwaji, in ba haka ba za a yanke masa hukuncin da bai cancanta ba.

Mataki na biyu shi ne tilasta wa tsarin ya nuna ƙarfinsa. A tayar da mota, a kunna manyan fitilu, da fankar esi a ƙarshenta, da hitar gilashin baya, a ɗaga inji zuwa kusan zagaye 2,000 a minti. Lafiyayyen tsari zai ɗaga matsi sama da bolt 13 cikin ɗan lokaci. Ba lallai ya ɗaga nan take ba, domin regileta ta zamani a hankali take ƙara nauyi don kada inji ya shaƙe a silo. Wanda ya duba mita a daƙiƙa ta farko ya kau da kai zai tafi da labarin da ba shi ne ba. Mita mai kama waya tana ƙara haske a nan: in kwarara na shiga batir, ko tana kusa da sifiri alhali fitilu na ci, to altaneta na ɗauke da nauyin motar, komai ƙanƙantar lambar bolt.

Mataki na uku shi ne a jona na'urar gwaji a soket ɗin OBD-II, wanda ya zama wajibi a motocin Amurka tun 1996, a karanta matsin da kwamfuta ta nema, a kwatanta da na kan batir. Lambobin kuskure na taimakawa, amma da iyaka. P0562 na cewa matsin tsarin ya yi ƙasa ne kawai, ba ta faɗi dalili ba. P0620 da P0621 da P0622 suna nuni ga layin umarni da ke tsakanin kwamfuta da altaneta, wanda sau da yawa waya ce ko fulogi, ba altanetar ba.

In an tabbatar akwai giɓi, ba a sauke altaneta tukuna. Ana auna asarar matsi a hanya, inji na aiki kuma nauyi na kunne: tsinken mita ɗaya a kan babban kusar altaneta, ɗaya a kan batir na fozitif, sa'annan daga jikin altaneta zuwa kan nagetif. Abin da ya kai rabin bolt a ɓangaren fozitif, ko ya wuce 0.2 a ɓangaren nagetif, wato as, alamar turjiya ce. Lissafin mai sauƙi ne. Tsatsar da ta haifar da turjiyar om 0.01, wadda mitar hannu ba za ta ma iya gani ba in an auna inji a kashe, tana cinye bolt guda cur idan amfiya 100 ke wucewa. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir, ko wayar as ta inji da aka bari a kwance bayan an sauke giya, sun isa su mai da 14.4 ta koma 13.4. Bayan haka a duba fambel, da fuli mai kulochi da ke kan altanetoci da yawa na yanzu, wanda in ya ci yakan zame ƙarƙashin nauyi. A ƙarshe a juya mita zuwa ma'aunin AC a kan kusar altaneta. Abin da ya wuce rabin bolt na nuni ga dayod da ya ƙone.

Idan caji lafiya lau ne amma kullum da safe batir a sauke, sai a nemi ɓarawon wuta. Bayan an kulle mota an bar kwamfutocinta sun yi barci, wanda kan ɗauki rabin sa'a ko fiye a wasu motoci, abin da take ja bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. Na'urar da ke jan miliamfiya 300 tana kwashe amfiya-awa 7.2 a yini, wato rabin batir mai amfiya-awa 60 cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i.

4.4 Kurakuran da gyara ke haifarwa

Sensar batir lissafin shiga da fita take yi, kuma abin da bai ratsa ta cikinta ba ba ta san da shi ba. Na'urar bin sawun mota, ko amfilifaya, ko ƙarin fitila da aka jona nagetif ɗinta kai tsaye a kan batir ta tsallake sensa ke nan; kwamfuta za ta ci gaba da zaton batir na da cajin da ba shi da shi, ta riƙa rage masa abinci. Haka in za a yi caji da na'urar waje, a jikin mota ake maƙala baƙar waya.

Canjin batir ma yana da sharaɗi. Motocin BMW, da na rukunin Volkswagen da yawa, da na Ford masu sensa, suna ajiye tarihin tsufan batir, kuma sai an sanar da kwamfuta ta na'urar gwaji cewa an sa sabo. In ba a yi ba, za ta riƙa cajin sabo da lissafin tsoho. Motar da ke kashe injinta da kanta a danja kuwa an ƙera ta ne da batirin AGM ko EFB, masu jure yawan sauka da hawa. Batir mai ruwa na gama-gari zai tayar da ita, amma ba zai daɗe ba.

Sai altanetar gwanjo. A kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ana iya samun wadda ƙafafunta da fuloginta suka yi daidai da ta motar, alhali harshen sadarwarta daban ne. Irin wannan ba ta jin umarni, sai ta koma matsinta na ko-ta-kwana, galibi ba ta fara caji sai an ba inji wuta. A tsarin General Motors wannan matsi bolt 13.8 ne. Abin lura a nan shi ne lambar ta faɗa daidai cikin iyakar da ra'ayi na farko ke kira lafiya. Saboda haka a motar da kwamfuta ke sarrafa cajinta, mitar da ta kafe a wuri ɗaya, ba ta motsi ko an kunna fitila ko an ɗaga ƙafa daga totur, ita ce abar tuhuma. Wannan ne kuma yanayin da mai zare fulogin sensa ke jefa mota a ciki.

4.5 Tasirin zafi

Ana iya cewa a ƙasa mai zafi da cunkoson hanya gara a bar caji a tsaye a bolt 14 don batir ya riƙa cika. Hujjar na da ɗan tushe, domin batirin da ya daɗe a ƙasa da 12.4 yakan tara gishirin salfet mai tauri a faranti, kuma gajerun tafiye-tafiye cikin gari da esi a kunne ba sa ba shi damar farfaɗowa. Sai dai zafi ma yana saurin kashe batir. Ƙa'idar da aka sani ita ce kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 na ma'aunin Selshiyos yana rage rabin rayuwar batirin dalma, kuma matsin cajin da ya dace na sauka da milibolt 3 zuwa 5 a kowane gida a kowane digiri. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri kan wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet. Batirin da ya kai digiri 50 yana buƙatar a rage masa tsakanin bolt 0.45 da 0.75, wato 14.4 ta dawo tsakanin 13.65 da 13.95. Sensar da ake zarewa ita ce ke sanar da kwamfuta ainihin zafin batir. Maganin ƙarancin caji na cikin gari shi ne a riƙa cika batir da na'urar caji lokaci-lokaci, a bar sensa a wurinta.

5.0 Matsaya

Lambar bolt guda ɗaya da aka karanta a silo ba ta isa hujjar sauke altaneta ko sayar wa mai mota sabon batir ba. Ana kira ga Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da kwalejojin fasaha, da ƙungiyoyin makanikai irin su NATA, su shigar da tsarin caji na kwamfuta cikin horon da ake ba masu wayarin, a kuma hana gwajin cire kan batir a gareji baki ɗaya. Kafin a taɓa kusa ko ɗaya a jikin altaneta, a rubuta lambobi uku a takardar aiki: matsin batir bayan ya huta, matsin da kwamfuta ta nema, da matsin da ya iso kan batir ƙarƙashin nauyi.